Sunan Allah a Taron Safe na Makaranta

Wanda ya yi aikin fasto ko na mai bishara a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ba ya daɗewa sai wani uba ya tsare shi a ƙofar majami'a bayan sujada da irin wannan magana: yaro ya dawo daga makaranta yana bitar wata addu'a da ba a gida ya koye ta ba. Wata uwa za ta ce an tsawata wa 'yarta domin ba ta ɗaga tafin hannu tare da sauran yara ba sa'ad da ake addu'ar safe. Wani ɗan'uwa kuma, wanda ya saurari wani wa'azi a waya, zai zo da tambaya dabam: ashe ya halatta ɗan mai bi ya tsaya gaban tuta, ya dafa ƙirji, ya yi wa ƙasa alkawari har da ambaton sunan Allah? Wannan ba bautar gumaka ba ce?

Masu bi a wannan yanki ba su da yawa. Akwai mutanen ƙasar Zuru, da 'yan kasuwa daga kudu, da ma'aikatan gwamnati, da ɗaliban jami'ar Aliero. Ba kowane gida ke da ƙarfin biyan makarantar kuɗi ba, saboda haka yaran ikkilisiya da yawa a makarantun gwamnati suke, ɗaya ko biyu a aji. Amsar da za mu ba iyayen nan tana da nauyi. In muka ce duk abin da ake yi a filin haram ne, za a cire yara daga makaranta, ko a sa su taurin kai inda babu dalili. In kuwa muka ce duk ɗaya ne, to, mun koya wa yaro cewa bakinsa yana iya furta abin da zuciyarsa ba ta gaskata ba. Mun kuma san yadda maganar addini a makaranta take saurin zama wuta a ƙasar nan. Ba mu manta da ɗalibar da aka kashe a kwalejin horar da malamai ta Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba.

A wurin yaro, taron safe abu ɗaya ne: a jeru aji aji, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin ƙasa, a duba farce da tufafi, hedimasta ya yi sanarwa, a shiga aji. Amma ga mai hidima abubuwa uku ne aka haɗa a fili ɗaya. Akwai girmama ƙasa. Akwai ambaton Allah a dunƙule, wanda yake cikin take da alkawari. Akwai kuma ibada ta wani addini takamaimai, wadda a yankinmu yawanci Fatiha ce da salati. Dokar ƙasa ba ta ɗauki ukun nan daidai ba, Maganar Allah ma ba ta ɗauke su daidai ba. Yawancin ruɗanin da muke gani daga cakuɗa su yake fitowa.

Inda kalmomin suka fito

Alkawarin da yaranmu ke karantawa kowace safiya ba tsoho ba ne. Wata malamar jami'a, Felicia Adebola Adedoyin, ita ta rubuta shi a 1976, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ba da umarni a riƙa karanta shi a makarantu. Mu tuna da lokacin. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970. An kafa shirin bautar ƙasa na masu gama jami'a a 1973. A 1976 ɗin kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, gwamnatoci kuma suna ta karɓe makarantun mishan a shekarun. Abin da ya dami masu mulki shi ne kada ƙasa ta sake tsagewa. Makarantar da a dā take koyar da katikisma ko Alƙur'ani, yanzu ana so ta koyar da zama ɗan Nijeriya. Abin da alkawarin ya ƙunsa ke nan: yaro zai riƙe amana da gaskiya ga ƙasarsa, zai yi mata hidima, zai kare haɗin kanta da martabarta. Sa'an nan ya rufe da roƙon Allah ya taimake shi.

Taken ƙasa ya sauya sau biyu. Na farko, na ranar samun 'yancin kai a 1960, wata Baturiyar Ingila mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa. A 1978 aka maye gurbinsa da wanda yawancinmu muka taso da shi, wanda Benedict Odiase na ƙungiyar kiɗan 'yan sanda ya yi wa karin sauti. Ran 29 ga Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da na 1960. Abin lura gare mu shi ne dukansu biyu suna rufewa da addu'a. Baiti na biyu na taken 1978 roƙo ne ga Allah Mahalicci, baiti na uku na taken da aka dawo da shi ma haka. Har a 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ce a riƙa yin amfani da baitin nan na taken 1978 ya zama addu'ar ƙasa a tarukan gwamnati, maimakon liman ya yi tasa fasto ya yi tasa. Duk wanda ke zuwa taron gwamnati ya san umarnin bai kama sosai ba.

An zaɓi kalmomin da gangan yadda Musulmi da Kirista za su iya faɗarsu tare. Ba a ambaci Yesu Almasihu ba, ba a ambaci Annabi Muhammadu ba. A Hausa abin ya ma fi sauƙi, gama kalma ɗaya muke da ita mu duka. Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa a 1932 da sunan Allah yake kiran Mahalicci. A Maleshiya sai da aka yi shekaru ana shari'a a kan ko Kirista suna da izinin buga wannan kalma a jaridarsu. Mu ba a taɓa jarabtarmu da wannan ba, ya kamata mu gode.

Abin da tsarin mulki ya ce

Sau da yawa muna jin 'yan'uwa suna cewa Nijeriya ƙasa ce da ba ruwanta da addini, Musulmi kuma su amsa cewa a'a, ƙasa ce mai addinai da yawa. Gardamar ta daɗe. Ta yi zafi a majalisar tsara mulki ta 1977 zuwa 1978, inda wakilai Musulmi suka fice daga zauren a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya. Ta sake tashi a 1986 da aka ji gwamnatin Janar Babangida ta shigar da ƙasar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Ta kuma tashi bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi wannan hanya, har da Kebbi a 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero.

Mu bar gardamar, mu duba takardar kanta. Tsarin mulkin 1999, a gabatarwarsa, ya ce 'yan Nijeriya sun ƙudura su zauna ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah. Rantsuwar kama aiki ta shugaban ƙasa da ta gwamnoni tana ƙarewa da roƙon taimakon Allah. Ashe masu rubutun ba su yi nufin korar sunan Allah daga harkar gwamnati ba. Abin da sashe na 10 ya hana shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama addinin gwamnati. Jimla ɗaya ce tak, ba ta kuma bayyana inda iyakar take ba, shi ya sa kowa ke jan ta wajensa.

Sashen da ya fi amfanar iyayenmu shi ne na 38, kuma muna ganin kowane fasto ya kamata ya san shi kamar yadda ya san lambar waƙoƙin littafin waƙa. Sakin layi na farko ya ba kowa 'yancin tunani, da lamiri, da addini, har da 'yancin sauya addini da na bayyana shi a fili. Na biyu ya zo kan makaranta kai tsaye: ba za a tilasta wa mai zuwa kowace irin makaranta ya karɓi koyarwar addini, ko ya shiga wata ibada, ko ma ya halarce ta ba, muddin ta addinin da ba nasa ba ce, ko wanda iyayensa ko mai riƙonsa ba su yarda da shi ba. Na uku ya ce ba za a hana wata jama'ar addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita kaɗai ke ɗauke da nauyinta ba.

Mu lura da kyau. Dokar ba ta hana yaran Musulmi a Jega Magaji buɗe ranarsu da Fatiha ba. Fasto da ya je wurin hedimasta yana neman a daina addu'a gaba ɗaya ya nemi abin da doka ba ta ba shi ba, ya kuma jawo wa masu bi ƙiyayya a banza. Abin da doka ta hana shi ne tilas. Sashen nan kuma ba na Kirista kaɗai ba ne. Da shi ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Inuwar da ta rufe 'yar Musulmi a Legas ita ce ta rufe 'yar Kirista a Maiyama.

Akwai wuraren da sashe na 10 ke da magana da gaske. A azumin 2025 jihohin Kebbi, Katsina, Kano da Bauchi sun rufe makarantu na makonni, ƙungiyar CAN ta ƙasa ta nuna rashin yarda a fili. Wannan batu ne na yadda gwamnati ke tsara kalandar kowa bisa ibadar wasu, kuma ya cancanci a yi magana a kai. Sai dai in mun shiga maganar, mu shirya jin amsar maƙwabtanmu, cewa hutun Lahadi da hutun Kirsimeti ma daga wani addini suka fito. Amma wannan aikin shugabannin ikkilisiya ne a matakin jiha. Ba shi ne tambayar uban da ya tsare mu a ƙofa ba.

Gardamar Amurka ba tamu ba ce

Littattafan tauhidi da yawa da muke karantawa, da wa'azin da 'yan ikkilisiya ke ji a waya, daga Amurka suke, suna kuma zuwa da gardamar can. Gara mu san ta domin kada mu ɗauke ta yadda take.

Wani fasto na Baptis, Francis Bellamy, shi ya rubuta alkawarin tuta na Amurka a 1892, bai kuwa sa sunan Allah a ciki ba. Sai a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, lokacin gābar Amurka da Tarayyar Sobiyat, aka ƙara kalmomin da ke cewa ƙasar tana ƙarƙashin Allah, domin a bambanta ta da masu kwaminisanci. Kafin wannan, a 1940, Kotun Ƙolinsu ta yarda a kori yaran Shaidun Jehobah daga makaranta saboda sun ƙi gaida tuta. Aka bi 'yan ɗarikar da duka da ƙone-ƙone. A 1943 kotun ta janye hukuncinta, ta ce gwamnati ba ta da ikon tilasta wa kowa furta abin da bai gaskata ba. A 1962 ta hana hukumar ilimi ta New York rubuta wa makarantu addu'a. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da wani uba marar addini cewa ambaton Allah a alkawarin ya saɓa tsarin mulki, amma a 2004 Kotun Ƙoli ta ture hukuncin bisa cewa mutumin ba shi da hurumin kai ƙara a madadin 'yarsa.

Can faɗan tsakanin masu son a ambaci Allah ne da masu son a cire shi. Nan Kebbi ba wanda ke neman a cire shi. Tambayarmu ita ce yadda 'yan tsiraru za su zauna da lamiri mai tsabta a cikin jama'a mai riƙo da addininta.

Amma abu ɗaya daga shari'ar 2004 ya kamata ya tsaya mana a rai. Wata alƙaliya a kotun ta kare kalmomin da hujjar cewa sun zama al'adar biki kawai, yawan maimaitawa ya sa ba su ɗauke da wata ibada kuma. Wato an bar sunan Allah a alkawarin ne domin an ce ba ya nufin kome. Lauya yana iya murna da wannan, mai hidimar bishara ba zai iya ba. Doka ta uku a Fitowa 20:7 a kan wannan take.

Kada kuma mu yarda da masu cewa raba gwamnati da addini ƙirƙirar marasa tsoron Allah ce. Masu bi da suka sha wuya a hannun ikkilisiyar gwamnati su suka fara neman ta. Bayan Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin daular Roma a shekara ta 380, waɗanda aka tsananta wa jiya suka zama masu tsanantawa. A 1612 Thomas Helwys, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ikkilisiyar Baptis a Ingila, ya aika wa Sarki James littafi yana cewa sarki ba shi da iko a kan ran mutum a gaban Allah, ya kuma ambaci Yahudawa da Musulmi cikin waɗanda bai kamata a hukunta saboda addininsu ba. A kurkuku ya mutu. Sanannen kwatancin katanga tsakanin ikkilisiya da gwamnati ma, a wasiƙar da Shugaba Jefferson ya rubuta wa 'yan Baptis a 1802 ya fito.

A gaban Maganar Allah

Bari mu ɗauki na farko, girmama ƙasa. Da aka kawo wa Yesu dinari a Matiyu 22, ya tambayi surar wa ke kai, ya yarda Kaisar yana da hakkinsa, ya kuma ware hakkin Allah. Kuɗi na ɗauke da surar sarki, mutum kuwa yana ɗauke da surar Allah, saboda haka akwai abin da sarki ba zai karɓa ba. Romawa 13 da 1 Bitrus 2 sun umarce mu da biyayya, da haraji, da ban girma ga mahukunta, an kuwa rubuta su a ƙarƙashin sarakunan da ba su san Almasihu ba. Irmiya 29:7 ya sa bayi a Babila su nemi lafiyar birnin da aka kai su. Bisa waɗannan, ba mu ga laifi ga yaro ya miƙe tsaye ya rera taken ƙasarsa ba. Tuta ƙyalle ce mai nuna ƙasa. Ba wanda ke roƙonta ruwan sama ko gafarar zunubi.

Masu kawo labarin Shadrak, Meshak da Abednego suna da gaskiya cewa ƙasa tana iya zama gunki. Amma mu duba abin da aka nema a filin Dura: sujada aka nema. Samarin nan sun karɓi sunayen Babila, sun yi karatun Babila, sun yi wa sarki aiki, suka tsaya cik a wurin sujada. Haka ikkilisiyar farko. Masu bi suna yi wa Kaisar addu'a, amma suka ƙi yin addu'a gare shi. Polikaf na Simirna ya zaɓi wuta da ya rantse da Kaisar ya zagi Almasihu. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya sa kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, ikkilisiya kuma ta daɗe tana fama da batun waɗanda suka saya takardar da kuɗi. Ran da wata gwamnati za ta nemi irin wannan, amsar manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29 ita ce tamu. Alkawarin 1976 bai nemi wannan ba. Kowane alkawari da mai bi ya yi wa mutum, ko na aure ne ko na aiki, yana ƙarƙashin alkawarin baftismarsa. Wannan ne ya kamata mu koya wa yara a makarantar Lahadi, ba tsoron tuta ba.

Wasu 'yan'uwa suna tuntuɓe a kan Matiyu 5:33-37 da Yakubu 5:12, inda aka hana rantsuwa. Ikkilisiyoyi sun daɗe da rabuwa a kan fassarar wurin. Anglikan, a ƙa'ida ta 39 ta bangaskiyarsu, sun yarda a rantse gaban mahukunci a kan gaskiya. Menonayit da Kwaka sun ƙi rantsuwa sam. A ganinmu alkawarin ƙasa ba rantsuwa da Allah ba ce, wa'adi ne da aka bi da roƙon taimako. Duk da haka, ɗan'uwan da lamirinsa bai ba shi ba, Romawa 14 ta hana mu raina shi. A Indiya, a 1986, Kotun Ƙoli ta mayar da yara uku Shaidun Jehobah makaranta bayan an kore su, domin sukan miƙe tsaye da ladabi sa'ad da ake taken ƙasa, ba sa dai rerawa. Ba mu yarda da koyarwar Shaidun Jehobah ba, amma in aka doki yaronsu a garinmu saboda ya yi shiru, mu ne ya kamata mu fara magana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na biyu, ambaton Allah a dunƙule, ya fi wuya a tauhidi fiye da a aikace. Mun sani abin da Musulmi ya gaskata game da Allah da abin da muka gaskata ba ɗaya ba ne, musamman a kan Triniti da gicciye. Ba ma ɓoye wannan. Amma yaron mai bi da ya roƙi Mahalicci ya bi da shugabannin ƙasarsa, ga Uban Ubangijinmu Yesu yake roƙo, yana kuwa yin abin da 1 Timoti 2:1-2 ta umarta. Abin da na kusa da shi ke nufi a zuciyarsa bai ɓata nasa ba. Bulus ma a Atina ya fara daga abin da masu jinsa suka sani game da Mahalicci kafin ya kai su ga tashin matattu. Hatsarin da muke gani a nan shi ne na wofi. Da Turanci ake karanta take da alkawari, da gudu, yara ƙanana da yawa sautin kawai suka haddace. Mu gwada tambayar yaran ikkilisiyarmu ma'anar jimlar ƙarshe ta alkawarin, mu ji. Minti goma a makarantar Lahadi sun isa a fassara musu, a nuna musu cewa addu'a suke yi, ba wasa ba.

Na uku shi ne wurin tsayawa. Salati da kalmar shahada furcin bangaskiya ne, ba al'ada ba. Musulmi da kansa ba zai so a ce musu al'ada ba. Yaron mai bi ba zai furta su ba, kamar yadda ba za mu sa ran ɗan Musulmi ya faɗi Shaidar Bangaskiya ta Manzanni ba. Amma tsayuwa a layi shiru, da ladabi, ba furci ba ne. Na'aman a 2 Sarakuna 5 ya kawo wa Elisha damuwar aikinsa, wanda ke kai shi haikalin Rimmon tare da maigidansa, annabin kuma ya sallame shi lafiya. Ba za mu gina babbar koyarwa a kan ayoyi biyu ba, amma sun nuna cewa kasancewa a wuri dabam take da bauta. Yaro ya tsaya, kada ya yi dariya, kada ya yi surutu, kada ya kwaikwayi kowa da ba'a, ya yi tasa addu'ar a zuci. In iyaye sun fi so a ware shi har a gama, doka ta ba su wannan ma.

In aka tilasta wa yaro

Sau da yawa ba mugunta ba ce. Malami ne matashi da bai taɓa zama da Kirista ba, ya ga yaro bai ɗaga hannu ba, ya ɗauka rashin kunya ne. Saboda haka kada maganar ta fara daga bagade, balle daga Facebook. Uba ya fara zuwa da kansa, ya gaida malami, ya yi bayani. In ba a ji ba, fasto ya tafi da dattijo ɗaya wurin hedimasta, su biyu, ba taron jama'a ba. Daga nan akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai uban ƙasa, akwai CAN. A rubuta ranar da abin ya faru da abin da aka faɗa, kada a ƙara gishiri. Bulus bai ji kunyar kiran hakkinsa na ɗan Roma ba, a Filibi da Urushalima, har ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaisar, amma bai zagi mahukuntan Roma ba.

Muna da abin da za mu tsaya a kai tare da maƙwabtanmu in mun san tarihinsu. Malamansu suna kafa hujja da aya ta 256 ta Suratul Baƙara cewa addini ba a cusa shi da ƙarfi. Ƙasar nan kuma ta san ɗacin sarki ya shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa. Sarkin Gobir Nafata ya hana wanda bai gāji Musulunci ba ya shiga, ya hana rawani da lulluɓi. Zamanin Yunfa aka far wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, abin da ya kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, ɗan Abdussalami ɗin, Buhari, shi ya kafa Jega. Dattijon da ya san wannan zai gane abin da muke nufi in muka ce a bar yaro da lamirinsa.

Batun darasin addini shi ya fi taron safe wahalarwa. A 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarni a koyar da ilimin addinin Kirista da na Musulunci kowanne da kansa, bayan hayaniyar da aka yi a kan haɗa su cikin darasi ɗaya da wasu fannoni. Amma umarni ba ya tsayawa a gaban allo. Inda ba a tura malamin addinin Kirista ba, yaranmu ko su zauna a darasin da ba nasu ba, ko su yi ta yawo a waje. Mu nemi a turo malami, haƙƙi ne. Kafin a turo, ikkilisiyoyin gari su haɗa kai, ECWA da Katolika da Baptis da sauransu, su sami mutum ɗaya mai takardar koyarwa wanda zai tara yaran da yamma ko ran Asabar, ya bi da su manhajar jarrabawa.

Saura maganar da ba ma son ji. Sakin layi na biyu na sashe na 38 bai ce makarantar gwamnati kaɗai ba, kowace makaranta ya ce. Na uku kuma 'ya'yan jama'armu ya ba mu izinin koya wa addininmu, ba 'ya'yan kowa ba. Ikkilisiyoyi da yawa sun buɗe nazare da firamare, Musulmi kuma suna kawo 'ya'yansu saboda karatun yana da kyau. Me muke yi da yaran nan da safe? Muna sa su rufe ido su maimaita addu'a cikin sunan Yesu, mai bulala yana zagayawa a bayan layi? Za a ce iyayensu sun sa hannu a takardar shiga. Wataƙila wannan ya ishe mu a gaban alƙali. Amma uban da ya sa hannu domin ba wata makarantar kirki kusa da shi, yardarsa irin ta ɗan'uwanmu ce da ya kai 'yarsa makarantar gwamnati a Maiyama domin ba shi da kuɗin wata. Dattawan kowace ikkilisiya mai makaranta su zauna da hedimastansu kafin zango mai zuwa, su karanta takardar shiga layi layi, su shirya inda yaro Musulmi zai tsaya lokacin addu'a da malamin da zai kula da shi, su kuma gaya wa iyayensa baki da baki, da Hausa, abin da ake yi a taron safe da abin da ba za a tilasta wa ɗansu ba.